Dabarun Jefa Anga da Rana a Gaban Tsibirin da Ba Shi da Kariya

Gabatarwa

Anga, wadda wasu ke kira anka, ita ce ƙarfe mai ƙugiya da ake jefawa ƙasan ruwa domin ya riƙe jirgi wuri guda. Hausa ta aro kalmar daga Ingilishi, su kuma masu magana da Suwahili suna ce mata nanga. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake tsayar da jirgin ruwa da rana a gaban tsibirin da iska ke bugawa kai tsaye, da dalilin da ya sa ba a kwana a wurin. Za mu ɗauki misali daga Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya.

Yanayin Wurin

Kusa da tsohon birnin Zanzibar akwai wani tudun yashi a tsakiyar teku da ake kira Nakupenda, wato “ina son ka” da Suwahili. Ƙananan jirage kan kai masu yawon buɗe ido can da safe, su dawo da su kafin yamma. Tudun ba shi da dutse ko itacen da zai tare iska, kuma idan teku ta ciko sosai sai ruwa ya shanye shi. Tekun tana cikowa ta janye sau biyu a kwana guda, kuma a lokacin sabon wata da cikarsa, bambancin zurfin ruwan yakan kai kusan mita 4.

Abin da Matuƙi ke Dubawa

Abu na farko shi ne iska. Daga Disamba zuwa Maris iskar Kaskazi ke kaɗawa daga arewa maso gabas, sannan daga wajen Afrilu zuwa Oktoba iskar Kusi ta taso daga kudu. Matuƙi yakan tsaya a gefen da iska ke tura jirgi zuwa cikin teku. Idan ya tsaya a ɗaya gefen kuma anga ta kuɓuce, iska da raƙuman ruwa za su jefa jirgin a gaɓa cikin ’yan mintoci.

Na biyu shi ne ƙasan ruwa. Yashi ne ya fi riƙe anga, domin takan nutse a cikinsa. Ciyawar ruwa kan hana ta kamawa, duwatsun murjani kuwa sukan maƙale ta ko su yanke igiya. Da ido ake bambance su: wurin yashi yakan fito shuɗi mai haske, na murjani kuma ruwan ƙasa. Amma sai rana ta ɗaga sosai ake ganin haka, kamar daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3 na yamma. Da ta karkata sai ƙyallin ruwa ya rufe kome.

Na uku shi ne tsawon igiya. Nauyin anga kaɗai ba ya riƙe jirgi. Sai an ja ta a kwance sannan ƙugiyarta ke ƙara shiga yashi, shi ya sa ake haɗa mata sarƙa mai nauyi, a kuma saki igiya mai tsawon zurfin wurin sau 5 zuwa 7. Lissafin kuwa da cikar teku ake yin sa. Alal misali, idan zurfin ruwa mita 3 ne a lokacin janyewa, ana sa ran ƙarin mita 4, kuma goshin jirgi ya ɗara ruwa da mita 1, jimla mita 8 ke nan. Saboda haka ana bukatar igiya aƙalla mita 40. Wanda ya yi lissafi da mita 3 kawai, da ruwa ya ciko igiyarsa za ta miƙe tsaye ta tumɓuke angar.

Bayan an jefa anga, matuƙi yakan ja jirgi da baya a hankali don ya tabbata ta kama. Sannan ya zaɓi alamu biyu a tudu waɗanda ke kan layi ɗaya, in ya ga sun rabu ya san jirgi na tafiya. Ba a barin jirgi babu mai tsaro.

Ɓarnar da Anga ke Yi

Murjani halitta ce mai rai, mai jinkirin girma, kuma a cikinsa kifaye ke samun abinci da mafaka. Anga guda tana iya farfasa abin da ya shekara da yawa yana girma. Ƙasar Tailan ta ga irin wannan ɓarna a gaɓar Maya, inda yawan jirage da baƙi ya lalata murjani har aka rufe wurin a shekarar 2018. Da aka sake buɗe shi a 2022, an hana jirage shiga ciki.

Kammalawa

Duk dabarun da aka zayyana sun dogara ne ga gani da ido. Zanzibar tana kusa da tsakiyar duniya, inda duhu kan rufe jim kaɗan bayan faɗuwar rana. Idan iska ta juya da dare, gefen da ke da kariya da safe shi zai koma gefen haɗari, ga shi kuma ba a ganin murjani balle a kauce masa. Don haka gogaggen matuƙi yakan sa lokacin tashi tun kafin ya jefa anga, kuma yakan ɗage ta da sauran rana ko da fasinjoji ba su gaji da wanka ba.