Mu Sa wa Layin Waya Makulli

Yawancinmu mun sa wa wayar hannu makulli, muna tsammani shi ke nan. Amma ɓarawon da ya zare waya ran kasuwa, sau da yawa ɗan katin nan na ciki yake nema, watau sim.

Ga dalili. Tun 2014 da aka fito da lambar BVN, asusun banki a Nijeriya yana haɗe da lambar wayar mai shi. In ɓarawo ya cire sim ya sa a wata waya, makullinmu bai tsare kome ba. Saƙon banki wurinsa zai je, har da lambar da akan aiko don tabbatar da fitar kuɗi. Kuɗin masarar shekara guda yana iya tafiya kafin mai shi ya isa gida.

Sim kuwa yana da nasa makulli, ana ce da shi PIN, lamba 4 zuwa 8, a cikin saitin waya ake kunna shi. Daga nan duk wayar da aka sa sim ɗin sai ta nemi lambar. Kuskure sau 3 yana kulle shi, ba ya buɗuwa sai da lambar PUK da ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin. Mu adana katin nan tare da takardun gona. Kada kuma mu yi ta cankar PUK, gama kuskure sau 10 yana kashe sim ɗungum.

In waya ta ɓace, mu fara sa banki ya rufe asusu, sa'an nan mu je wurin kamfanin layi.