Tashe: Fasahar Ban Tsoro Da Ban Dariya A Lungunan Sheshe

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san abin da kan faru idan azumi ya kwana goma. Da zarar an sha ruwa an idar da asham, sai ka ji kiɗan gwangwani ya ɓarke daga bakin lungu. Can sai ga ayarin yara sun ɓullo, ɗaya ya shafe fuska da toka da baƙin tukunya, wani ya manna gemun auduga ya tanƙware bisa sanda, wani kuwa an ɗaure shi da igiya yana ta fizge-fizge. Ƙananan yara su ruga bayan iyayensu mata, manya kuwa su yi ta dariya. Unguwar Sheshe, wadda take ɗaya daga cikin mazaɓu 13 na Ƙaramar Hukumar Birnin Kano, tana cikin tsofaffin unguwannin da suka gāji wannan al'ada ta tashe, kuma matsattsun lungunanta su ne dandalin da ake yin wasan.

Mai karatu yana iya ɗaukar wannan a kan wasan yara kurum. To, amma a wasu ƙasashe irin wannan haɗa tsoro da raha babban fanni ne na fasaha, wanda ake gina masa gidaje, ake kuma koyar da shi a jami'o'i. Alal misali, tsakanin 1819 da 1823 wani mai zane ɗan ƙasar Sifen, Francisco Goya, ya zana hotuna 14 masu tayar da hankali a bangon gidansa, har da na wani ƙato yana cin ɗansa. Yau suna ajiye a gidan adana zane na Prado a birnin Madrid. A ƙasar Meziko kuma, José Guadalupe Posada, wanda ya rasu a 1913, ya shahara da zana ƙwarangwal sanye da kayan ƙawa, domin ya tuna wa masu hali cewa makomarsu ɗaya da ta talaka. A nan gida Nijeriya ma akwai Twins Seven-Seven na Oshogbo, wanda ya fara zane a 1964, ya cika allunansa da iskoki da dodannin tatsuniyoyin Yarabawa har ya rasu a 2011.

Me ya sa ba mu ga irin wannan a bangon gidajen Kano ba? Dalili a fili yake. Malamanmu sun daɗe suna ƙyamar suranta abu mai rai, saboda haka magina da maɗinka da dukawa suka karkata ga zayyana, irin su dagi a bango da aska takwas a gaban riga. Amma dodo bai bar ƙasar Hausa ba. Da ya rasa bango sai ya koma baki, watau tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi da Dodo, sa'an nan ya koma jikin mutum a wasan tashe. Yaron da yake shafa toka a fuskar ɗan'uwansa, ya ɗaura masa tsumma, ya kafa masa ƙahon kara, aikin da mai zane yake yi da fenti shi yake yi, sai dai nasa allon yana tafiya da ƙafa biyu, kuma kafin sahur an wanke shi.

Idan muka duba wasannin ɗaya bayan ɗaya za mu ga ba a banza aka shirya su ba. Tsoho Da Gemu yana nuna wa matashi ƙarshen ƙarfinsa, ya sa shi dariya alhali kuwa kansa yake gani. Jatau Mai Magani, da tulin saiwoyi da ƙulle-ƙulle, shaguɓe ne ga masu cin kasuwa da ciwon jama'a. Mai Ƙiriniya, wanda ake riƙe da igiya a ƙugu, hoton yaron da ya gagari iyayensa ne. Babbansu duka shi ne tashen gwauro, wanda Nalako yake jagoranta a Kano. Shi wannan na manya ne. Akan kama mutumin da ya taɓa aure ya rabu da matarsa ya zauna haka nan, a yi masa shigar ban dariya, a zaga gari da shi da kiɗa. Horo ne na kunya da aka lulluɓe da wasa, kuma kowa ya san inda maganar ta nufa.

Bayan 'yan tashe akwai gardawa masu wasa da kura da maciji da gwaggon biri, waɗanda sukan tara jama'a a kasuwa domin su sayar da magani. A 2005 wani mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya zo Nijeriya ya bi wata ƙungiya tasu, ya sake dawowa a 2007. Hotunansa na gardi da warki da layu, riƙe da sarƙar kura mai takunkumi, sun zaga gidajen nune-nune na Turai da Amurka, ɗaya daga ciki har ya ci kyautar gasar hotunan jarida ta duniya a 2006. An yi ta muhawara a kansu, wasu suna tausayin dabbobin, wasu suna cewa an nuna Afirka a mummunar kama. Ko ma dai wane ɓangare mutum ya ɗauka, abin lura shi ne, baƙo ne ya zo ya ga fasaha a cikin abin da mu muke wucewa ta gefensa kullum.

Tun daga 1990, lokacin da aka fito da Turmin Danya aka buɗe ƙofar finafinan bidiyo na Hausa, wannan gwaninta ta sami sabon gida. Masu kwalliyar fim da suke mayar da ɗan wasa aljani ko matsafi, da jinin ƙarya da farar hoda, jikokin masu shafa tokar tashe ne, ko sun sani ko ba su sani ba.

Sai dai ita uwar al'adar tana cikin wani hali. A 'yan shekarun nan, fiye da sau ɗaya, rundunar 'yan sandan Jihar Kano ta ba da sanarwar hana tashe, saboda 'yan daba sukan fake da shi su yi faɗa da ƙwacen waya. Ba wanda zai ga laifin hukuma don ta tsare rai da dukiya. Amma tashe ba a allo yake ba, ba kuma a ma'aji yake ba. Yaro daga wansa yake koyonsa, saboda haka idan aka jera shekaru kaɗan ba a yi ba, sai a wayi gari babu wan da zai koyar. Hotunan Goya suna iya jiran mai kallo shekara ɗari biyu, gemun auduga kuwa dare ɗaya yake yi.

Saboda haka akwai aiki a gaban ma'aikata da ɗalibai. Hukumar Tarihi da Al'adu da take Gidan Ɗan Hausa, da gidan tarihi na Gidan Makama, suna iya ware dare ɗaya ko biyu a cikin azumi a yi tashe a fili mai tsaro. Masu unguwanni suna iya tsayawa a kan yaran lungunansu, su san wa ya fita da wa ya dawo, kamar yadda dattawa suke yi a da. Ɗaliban Hausa da na wasan kwaikwayo na Jami'ar Bayero kuwa, ga abin nazari a ƙofar gidansu: su shiga Sheshe da maƙwabtanta, su zauna da tsofaffi, su rubuta yadda ake haɗa kowace shiga da abin da take nufi, su ɗauki hoto tun masu sanin suna raye.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah Ya sa idan azumi mai zuwa ya kwana goma, yaran Sheshe su sami lungu mai aminci da za su tsorata ƙannensu, su ba iyayensu dariya.