Karan Sigari Ɗaya: Me Ya Sa Barin Taba Ke Da Wuya?

A tashar motar Gaya, ko a teburin mai shayi a Ajingi, ba sai mutum ya sayi kwalin sigari ba. Kara ɗaya ma ana sayar masa, duk da cewa Dokar Taƙaita Shan Taba ta Ƙasa ta 2015 ta haramta sayar da sigari kara-kara, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Da wannan karan mai araha samari da yawa ke farawa.

Abin da ke ɗaure mashayi shi ne sinadarin nikotin. Da an zuƙi hayaƙi, cikin daƙiƙoƙi kaɗan yake isa ƙwaƙwalwa, ya sa ta saki sinadarin dofamin mai kawo jin daɗi. A hankali ƙwaƙwalwa ta saba. Ranar da ta rasa shi, sai saurin fushi, ciwon kai, rashin barci da kasa natsuwa su biyo baya. Saboda haka tsawa da gori ba sa raba mutum da taba. Ciwo ne, magani yake buƙata.

Wahalar barin taba ta fi tsanani a kwanakin farko, sannan ta riƙa lafawa cikin mako biyu zuwa huɗu. Ribar kuwa ba ta jinkiri: cikin awa 12 gubar hayaƙin da ke jini takan ragu zuwa daidai, bayan shekara guda haɗarin ciwon zuciya ya sauko da kusan rabi.

Akwai magunguna, kamar cingam da filastar nikotin, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su, kuma a 2024 ta fitar da jagorarta ta farko kan taimakon masu son bari. Sai a fara da ganin likita a Babban Asibitin Gaya ko asibitin sha-ka-tafi mafi kusa.

Azumin Ramadan dama ce babba. Wanda ya iya haƙura daga asuba zuwa magariba ya riga ya gwada ƙarfinsa. Saura ya kauce wa karan bayan buɗe-baki. A nan iyali da abokan majalisa ke da aiki: su daina miƙa masa ashana, in kuma ya koma, su ƙarfafa masa gwiwa ya sake ɗaura niyya, domin da yawa sai sun gwada sau da dama kafin su rabu da ita.