Mataimakin Gwamna a Jihohin Amurka: Matsayinsa da Yadda A Ke Zaɓensa

1. Maganar suna

Duk wanda ya taɓa juya labarun Amurka zuwa Hausa, ko ya koyar da tsarin mulkinta a kwalejin horon malamai, ya san akwai wani muƙami a jihohin ƙasar wanda sunansa ke ba da wuya. Turawa suna kiran mai shi Laftanan Gwamna, masu fassara kuwa sun saba cewa Mataimakin Gwamna. Fassarar ta riga ta zauna a baki, ba mai iya tumɓuke ta yanzu, amma ta kan ɓad da ɗalibi. Wanda ya ji kalmar mataimaki zai ɗauka mutum ne da Gwamna ya zaɓo da kansa, ya ke aikensa, shi kuma ya ke yi masa biyayya. A waɗansu jihohi haka abin ya ke. A waɗansu kuwa mutumin nan bai ci albarkacin Gwamna da kome ba, wani lokaci ma shi ne babban abokin hamayyarsa. Abin da ya raba waɗannan da waɗancan shi ne hanyar da aka bi aka zaɓe shi.

Kalmar laftanan ta shigo Hausa ta hanyar aikin soja, asalinta kuwa Faransanci ne. Kalmomi biyu aka haɗa, ɗaya tana nufin wuri, ɗaya tana nufin mai riƙewa, watau mai riƙe wurin wani. Saboda haka ma'anarta ta fi kusa da na'ibi ko muƙaddas bisa ga mataimaki. Na'ibin liman ba ɗan aiken liman ba ne, shi ne mai shiga gaba ranar da liman ba ya nan.

Sunan nan ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Sa'ad da aka haɗa Arewa da Kudu a shekarar 1914, Lugard ya zama Gwamna Janar, aka sa Laftanan Gwamna ɗaya a Arewa, ɗaya a Kudu. C. L. Temple shi ne na farko a Arewa, H. R. Palmer ya riƙe daga 1925 zuwa 1930, Bryan Sharwood-Smith kuma ya riƙe daga 1952 har 1954 da aka mai da shi cikakken Gwamna. Amma waɗannan naɗa su aka yi daga Ingila, kowannensu yana mulkin yanki guda a ƙarƙashin na Ikko. Na Amurka talakawa ke zaɓensa, ba shi da wani yanki nasa, a jiha ɗaya su ke zaune da Gwamna. Sunan kaɗai ya gama su.

2. Aikin gado

Amurka tana da jihohi 50, kowace da nata tsarin mulki da ta rubuta wa kanta, shi ya sa ba a faɗin abu ɗaya ya game su duka. Zuwa shekarar 2025 jihohi 45 ke da wannan muƙami. A 43 daga cikinsu jama'a ke zaɓensa, a Tenesi da Bajiniya ta Yamma kuwa shugaban Majalisar Dattawan jihar a ke ba sunan. Jihohi biyar ba su da shi, su ne Arizona da Oregon da Wayomin da Mein da Niyu Hamsha. A uku na farko Sakataren Jiha ke gadon Gwamna, a biyu na ƙarshe shugaban Majalisar Dattawa.

Aiki ɗaya ne kowane Mataimakin Gwamna ya ke da shi, ko a ina ya ke: in Gwamna ya rasu, ko ya yi murabus, ko aka tsige shi, shi ke hawa. A sarautun ƙasar Hausa, in sarki ya rasu sai masu zaɓen sarki su zauna su duba 'ya'yan sarauta, ba wanda riƙonsa ya ba shi gadon kai tsaye. A can an riga an yanke maganar tun ranar zaɓe, ba sauran shawara. Haka Rick Perry ya hau a Tekzas a Disamba 2000, da George W. Bush ya tafi shugabancin ƙasa, ya kuwa zauna har 2015. A Niyok abin ya auku sau biyu cikin shekara 13: David Paterson ya gaji Eliot Spitzer a 2008, Kathy Hochul ta gaji Andrew Cuomo a Agusta 2021, ita ce mace ta farko da ta mulki jihar.

Amfanin muƙamin ya fi fitowa a inda babu shi. Niyu Jasi ba ta da Mataimakin Gwamna a da. Gwamna Christine Whitman ta bar aiki a 2001, Gwamna James McGreevey ya yi murabus a 2004, a kowane karo shugaban Majalisar Dattawa ya yi riƙon ƙwarya alhali yana riƙe da kujerarsa ta majalisa. Mutum ɗaya ke nan ya haɗa ikon yin doka da ikon zartar da ita, ga shi kuma mutanen mazaɓa guda kaɗai suka zaɓe shi. A 2005 jama'ar jihar suka jefa ƙuri'a aka kafa muƙamin, Kim Guadagno ta fara riƙe shi a Janairu 2010. Arizona ma ta ga irin nata. A 2009 Gwamna Janet Napolitano ta jam'iyyar Dimokurat ta karɓi aikin minista a gwamnatin tarayya, Sakatariyar Jiha Jan Brewer ta jam'iyyar Rifablikan ta hau, mulki ya koma hannun wata jam'iyya ba tare da an yi zaɓe ba. A 2022 mutanen Arizona suka yarda a kafa muƙamin, a fara zaɓensa a 2026 tare da Gwamna.

3. Aikin majalisa

Banda gado, sauran ayyukan sun bambanta ƙwarai. A Yuta da Alaska shi ke kula da sha'anin zaɓe, a Indiyana aikin gona, a Luwiziyana al'adu da yawon buɗe ido. A jihohi da yawa shi ne shugaban Majalisar Dattawa, ko da ya ke ba ɗan majalisar ba ne, ba ya kuma jefa ƙuri'a sai an yi kunnen doki ya raba gardama. A Bajiniya, inda dattawan 40 ne, wannan ƙuri'a guda ta sha yanke manyan al'amura.

Inda muƙamin ya fi ƙarfi ita ce Tekzas. Majalisar Dattawanta mutum 31 ne, zamanta na ƙa'ida kuwa kwana 140 ne kawai cikin kowace shekara biyu. Mataimakin Gwamna ke naɗa kwamitoci da shugabanninsu, shi ke faɗin kwamitin da za a kai kowane shirin doka, shi ke ba ɗan majalisa izinin magana, yana kuma cikin shugabannin hukumar da ke tsara kasafin kuɗi. Da ya ke kwanakin kaɗan ne, shirin dokar da ya jinkirta ya mutu ke nan sai bayan shekara biyu. Don haka masu nazarin siyasar jihar su kan ce ikonsa yana gogayya da na Gwamna. Bill Hobby ya riƙe wannan kujera shekara 18, daga 1973 zuwa 1991, gwamnoni suna zuwa suna wucewa.

Sai dai a lura, yawancin wannan iko daga ƙa'idodin da 'yan majalisa ke rubuta wa kansu ya fito, wanda ya ba da aro kuwa yana iya karɓar abinsa. A Jojiya, da 'yan Rifablikan suka sami rinjaye a Majalisar Dattawa a 2003, suka ƙwace ikon naɗa kwamitoci daga hannun Mark Taylor, ɗan Dimokurat, suka bar masa kujera da guduma.

4. Hanyoyi uku na zaɓe

A Amurka zaɓe hawa biyu ne. Da farko kowace jam'iyya tana yin zaɓen fid da gwani, sa'an nan gwanayen su kara a babban zaɓe. Daga nan hanyoyi uku suka fito.

Hanya ta farko, ɗan takarar Gwamna da na Mataimaki su tsaya tare tun daga farko, ƙuri'a ɗaya ta wadace su. Galibi ɗan takarar Gwamna ke zaɓo abokin tafiyarsa, a waɗansu jihohi kuma taron jam'iyya ke fid da shi. A nan ne kalmar mataimaki ta dace sosai, domin darajarsa tana rataye ga yardar maigidansa.

Hanya ta biyu, kowa ya yi zaɓen fid da gwaninsa dabam, sa'an nan a haɗa waɗanda suka ci su tsaya tare a babban zaɓe, kamar yadda a ke yi a Fensilbaniya da Wiskonsin. Wannan yana iya zama auren dole. A Ilinoi, a 1986, Adlai Stevenson na Uku ya ci takarar Gwamna ta jam'iyyar Dimokurat, amma takarar Mataimaki ta faɗa hannun Mark Fairchild, mabiyin Lyndon LaRouche, wanda shugabannin jam'iyyar ke ƙyamar ra'ayinsa. Stevenson ya ƙi tsayawa da shi, ya bar tutar jam'iyyarsa ya kafa wata sabuwa don zaɓen, James Thompson na Rifablikan ya ka da shi. Daga baya Ilinoi ta sake dokarta, tun daga zaɓen 2014 mutum biyun tare su ke fitowa tun farko. Waɗannan hanyoyi biyu, in an gama su, su ne na jihohi 26.

Hanya ta uku, a raba su gaba ɗaya, kowa da takararsa, kowa da ƙuri'unsa. Jihohi 17 ke yin haka, cikinsu har da Tekzas da Kalifoniya da Bajiniya da Jojiya da Aidaho. Masu goyon bayanta suna cewa, tun da mutumin nan yana iya zama Gwamna gobe, ya kamata jama'a su auna shi shi kaɗai, kada ya shige a inuwar wani. Masu sukarta suna nuna abin da ya auku a Akansa: Mike Huckabee na Rifablikan ya ci kujerar Mataimaki a 1993, Gwamna Jim Guy Tucker na Dimokurat ya yi murabus a Yuli 1996 bayan kotu ta same shi da laifi, Huckabee ya hau. Ba dole ba ne kuma sai an yi rigima. George W. Bush da Bob Bullock, jam'iyyarsu dabam, sun yi aiki tare a Tekzas daga 1995 zuwa 1999 cikin girmama juna.

5. In Gwamna ya yi tafiya

Wata tsohuwar ƙa'ida ta ƙara wa hanya ta uku haɗari. A jihohi da dama, da zarar Gwamna ya ƙetare iyakar jiha, ikonsa ya koma hannun Mataimaki har ya komo. An rubuta wannan a zamanin da tafiya ke cin makonni bisa doki, ba a kuwa soke shi ba bayan zuwan waya da jirgin sama. A Kalifoniya, a 1979, Gwamna Jerry Brown na Dimokurat ya yi tafiya, Mataimakinsa Mike Curb na Rifablikan ya naɗa alƙali a kotun ɗaukaka ƙara. Brown ya komo ya janye naɗin. Magana ta kai Kotun Ƙoli ta jihar, ta yanke cewa Mataimaki yana da cikakken iko muddin Gwamna ba ya cikin jihar, amma Gwamna yana iya janye naɗin da ba a riga an tabbatar ba.

Zama cikin jam'iyya ɗaya ma bai hana ba. A Aidaho, a Mayu 2021, lokacin annobar korona, Gwamna Brad Little ya fita jihar, Mataimakiyarsa Janice McGeachin ta ba da umurnin hana hukumomi tilasta wa mutane sa takunkumin fuska. Da ya komo ya soke. Dukansu 'yan Rifablikan ne, amma tana neman kujerarsa, ta kuwa kara da shi a zaɓen fid da gwani na 2022 ya ka da ita.

6. Kwatanci da Nijeriya

Tsarin mulkin Nijeriya na 1979 ya ɗauko salon shugabanci daga Amurka, na 1999 kuma ya bi sawunsa. Cikin hanyoyin nan uku ta farko aka ɗauka, aka kuma shimfiɗa ta a kan jihohi duka. Sashe na 187 ya ce takarar Gwamna ba ta inganta sai ya fid da abokin takara, sashe na 191 ya ba Mataimaki gado, sashe na 193 kuwa ya bar wa Gwamna ya ba shi aikin da ya ga dama. Ba shi da kujera a majalisa, ba ya kuma zama muƙaddas don Gwamna ya ƙetare iyaka kawai, hanyar da sashe na 190 ya fara shimfiɗawa ita ce Gwamna ya rubuta wa Kakakin Majalisa. Gadon dai ya yi aiki. Jihar Kaduna kaɗai ta gan shi sau uku: Abba Musa Rimi bayan tsige Balarabe Musa a 1981, Patrick Yakowa bayan Namadi Sambo ya zama Mataimakin Shugaban Ƙasa a 2010, da Mukhtar Ramalan Yero bayan rasuwar Yakowa a Disamba 2012.

Kowace hanya da abin da ta saya da abin da ta biya. Haɗa su a takara ɗaya yana kawo zaman lafiya a gidan gwamnati, yana kuma kiyaye abin da jama'a suka zaɓa in Gwamna ya kau, amma ya kan bar Mataimaki ba aiki sai wanda aka ba shi. Raba su yana ba jama'a bakin magana a kan magajin, yana ba muƙamin ƙafar tsayawa, amma ya kan jawo zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gabansa.

Ga malami da mai fassara, abin yi shi ne a riƙe Mataimakin Gwamna tun da kunne ya saba da shi, amma kada a bar sunan shi kaɗai. In an ambaci na wata jihar Amurka, a faɗi yadda aka zaɓe shi, tare da Gwamna ko dabam, a faɗi kuma ko yana shugabancin Majalisar Dattawa. In mutumin riƙo ya ke yi don Gwamna ya yi tafiya, a kira shi Muƙaddashin Gwamna, in kuwa ya gaji kujerar, Gwamna ne cikakke. Ɗalibin da aka ba waɗannan bayanai ba zai yi mamaki ba in ya karanta cewa Mataimaki ya kashe shirin dokar da Gwamnansa ke so.