Ko Ka Sani? Gubar Botulinum Nau'in A Ƙwaya Tara Kacal Take Guntulewa

Gubar botulinum furotin ce da wata bakteriya mai suna Clostridium botulinum ke samarwa, kuma masana sun ɗauke ta a matsayin guba mafi ƙarfi da aka taɓa sani. Bakteriyar na zaune a cikin ƙasa da laka, ba ta yaɗuwa sai inda babu iska, shi ya sa ake cin karo da ita a abincin gwangwani da bai dahu sosai ba, da nama ko kifin da aka rufe ruf aka ajiye. Wani masani ɗan ƙasar Beljiyam, Émile van Ermengem, shi ne ya fara gano ta, bayan wasu makaɗa sun ci nama mai gishiri a ƙauyen Ellezelles a shekarar 1895, uku daga cikinsu suka mutu. A 1991 ma gubar ta kwantar da mutane da dama a Alƙahira, bayan sun ci gishirtaccen kifin nan da Misirawa ke kira fasikh.

Ginin gubar shi ne abin mamakin. Kowace furotin tamkar carbi take: ƙananan ƙwayoyi ne da ake kira amino asid, an shirya su a zare guda, sannan zaren ya naɗe ya ɗauki siffa. Gubar botulinum nau'i-nau'i ce; nau'in A yana da ƙwayoyi kusan 1,300. Bayan an samar da ita, zaren kan tsinke gida biyu. Ɓangare ɗaya shi ne sarƙa mai nauyi, ɗayan kuma sarƙa marar nauyi, wadda nauyinta rabin na ’yar'uwarta ne. Abin da ke riƙe su tare shi ne wata ’yar mahaɗa ta ƙwayoyin zarra biyu na sinadarin farar wuta. A 1998 ne Borden Lacy da Raymond Stevens da abokan aikinsu a Amurka suka fitar da cikakkiyar siffar gubar, bayan sun daskarar da ita sun haska mata hasken eksire. Hoton ya nuna sassa uku a jere, kowanne da aikinsa: ɗaya na kama jijiya, ɗaya na huda hanya, ɗaya na yanka. Ya kuma nuna wani dogon zare da ya fito daga sarƙa mai nauyi ya zagaye ƙaramar sarƙar, wanda masana suka raɗa wa suna ɗamara. Ɗamarar ce ke tsare sashen yankan, ba ya taɓa komai sai ya isa inda za shi.

Furotin dai abinci ce, kuma ciki ya saba narkar da ita. Da gubar za ta shiga tumbi tsirara, da ruwan tsamin ciki ya lalata mafi yawanta. Sai dai bakteriyar kan haɗa ta da wata furotin mai kusan girmanta da siffarta, su rungumi juna ƙam muddin suna cikin tsami. Da zarar sun wuce inda tsamin ya kau, sai rungumar ta saki, gubar ta bi jini.

Daga nan sarƙa mai nauyi ke karɓar aiki. Ba ta kula hanta ko ƙoda; bakin jijiyar da ke ba tsoka umarni take nema. A bakin jijiyar akwai ’yan mitsi-mitsin jakunkuna cike da sinadarin asetilkolin, wanda shi ne saƙon da ke sa tsoka ta motsa. Idan jaka ta zubar da kayanta, jijiya kan janyo ta ciki don a sake cika ta, kuma a wannan ɗan lokacin ne gubar ke maƙale mata ta shige tare da ita. Cikin jakar na ƙara tsami, sashen tsakiya na gubar ya canja siffa ya huda bangon, ƙaramar sarƙar ta warware ta zurara ta kafar, mahaɗar farar wutar ta tsinke. Yanzu sashen yankan ya samu sake a cikin jijiya, ɗauke da ƙwayar zarra guda ta zink, wadda da ita yake tsinka furotin.

To, me yake yankawa? Jakar asetilkolin ba ta iya haɗewa da bangon jijiya sai wasu furotin uku sun murɗe da juna sun janyo ta. Ɗaya daga cikinsu ita ce SNAP-25, mai ƙwayoyi 206. Gubar nau'in A tana zuwa tsakanin ƙwaya ta 197 da ta 198, ta yanke, ta zubar da tara na ƙarshe. Shi ke nan aikinta. Ba ta kashe jijiyar, ba ta taɓa tsokar, ba ta kawo zazzaɓi. Ƙwaya tara cikin 206 ne ke sa fatar ido ta sauka, gani ya rabu biyu, haɗiya ta gagara, shanyewa ta yi ta gangarowa daga kai zuwa ƙirji har numfashi ya tsaya, alhali mutum na cikin hayyacinsa yana jin duk abin da ake faɗa a kansa. Alamomin kan soma ne sa'o'i 12 zuwa 36 bayan cin abincin. Guntun SNAP-25 da ya rage kuwa yana ci gaba da shiga cikin murɗin, ya tare wurin da lafiyayya za ta zauna. Sannan sarƙar da ta yi yankan ba ta ƙarewa. Ta gama da wannan ta koma kan wancan, tsawon watanni. Nau'in E yana guntule ƙwayoyi 26 daga furotin ɗin nan, amma ƙarfinsa ya fi saurin gushewa. Nau'in B kuma wata daban yake yankawa cikin ukun, kamar yadda Giampietro Schiavo da Cesare Montecucco na Padua a Italiya suka nuna a 1992, kuma daidai wurin da gubar tetanus ke yankawa. Ita tetanus tana yin nata aikin ne a lakar ƙashin baya, shi ya sa take sandarar da jiki maimakon saki.

Daɗewar aikin nau'in A ce likitoci suka mayar magani. Alan Scott, likitan ido a San Faransisko, ya riƙa allurar ɗan mitsitsin gubar a tsokar idon masu harara-garke don ta saki, kuma a 1989 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita. Ita ce Botox da a yau ake goge tamoji da ita, ana maimaita allurar bayan wata uku zuwa huɗu.

Tunda ƙarfin gubar a siffarta yake, zafi na kashe ta: digiri 85 na ma'aunin Salshiyas na tsawon minti biyar ya isa ya warware naɗin. Irin bakteriyar mai taurin ɓawo kuwa yana jure tafasa, don haka masana'antun gwangwani ke dafawa a digiri 121 cikin tukunyar matsi, kuma gwangwanin da ya kumbura ba a ɗanɗana shi. Irin nan kan samu shiga zuma. Hanjin babba yana hana shi tsiro, na jariri bai kai ba, saboda haka likitoci ke hana ba wa yaron da bai cika shekara ɗaya ba zuma.