Garuruwa Takwarorin Juna: Dalilin Maimaituwar Sunayen Wurare da Yadda Kimiyya Ke Rarrabe Su

Gabatarwa

In aka ce wa mutum a kai wasiƙa Tudun Wada, tilas ya tambaya, wace Tudun Wadar? Akwai ta Zariya, akwai ta Kaduna, akwai ta Jos da ta Gusau, ga kuma ƙaramar hukuma sukutum mai wannan suna a Jihar Kano. Kamar yadda mutane ke da takwarori, haka garuruwa da koguna da makarantu ke da nasu. Tun a ƙarni na 13 malamin labarin ƙasa Yaƙutul Hamawi, wanda ya rasu a shekarar 1229, ya ware littafi guda mai suna Al-Mushtarik domin wuraren da sunansu ya zo ɗaya alhali muhallinsu ya bambanta. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana hanyoyin da suna ke bi ya maimaitu, da ɓarnar da hakan ke iya haifarwa, da kuma dabarar da masana suka fito da ita don raba takwara da takwara.

Sunan da ya siffanta wuri

Hanya ta farko, kuma mafi yawa, ita ce siffantawa. Mutanen da suka sari daji suka zauna ba su damu da abin da wasu can nesa suka raɗa wa garinsu ba. Abin da idonsu ya gani shi suke kira. Shi ya sa Sabon Gari da Sabon Birni da Tudun Wada da Nasarawa da Unguwar Rimi suka cika ƙasar Hausa. Duk inda fatake suka saba yada zango, sunan Zango kan manne wa wurin. Akwai Zango a Jihar Katsina, da Zangon Kataf a Jihar Kaduna, haka kuma unguwannin da Hausawa suka kafa a Kumasi da Ankara ta ƙasar Gana da sunan zango aka san su.

Koguna sun fi komai shiga wannan hali, domin mai kogi ɗaya a ƙofar gidansa ba ya buƙatar ya sa masa suna, sai kawai ya ce “kogi”. A Ingila akwai koguna da dama masu suna Avon, kalmar kuwa ma'anarta kogi ce a harshen mutanen da suka riga Ingilishi zama a tsibirin. Baƙi suka zo suka ji ana faɗa, suka zaci suna ne na yanka. A nan gida ma, Jihar Kogi da aka ƙirƙira a 1991 kalmar Hausa ta ɗauka. Sahara kuwa daga kalmar Larabci ta hamada aka samo ta.

Sunan da ya yi hijira

Hanya ta biyu ita ce ƙaura. Mai barin garinsu yakan tafi da sunan garin, don ya ɗebe kewa ko don ya nuna cewa haƙƙinsa bai faɗi ba. Bayan jihadin farkon ƙarni na 19, sarakunan Haɓe na Katsina sun koma Maraɗi, kuma har yau Sarkin Katsina ake kiran mai sarautar Maraɗi. Na Zazzau suka yi kudu, inda Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, zuriyarsa kuma ta ci gaba da riƙe sarautar Sarkin Zazzau. Da gwamnatin tarayya ta yi dokar kafa sabon babban birni a 1976, sai aka ɗauki sunan Abuja aka ba shi, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. An yi haka ne da gangan, don kada a sami Abuja biyu maƙwabtan juna.

Turawan da suka tsallaka teku su ma haka suka yi. Ingilishi sun karɓi wani gari daga hannun mutanen Holan a 1664, suka sa masa New York, wato Sabuwar York. Sifaniyawa kuma suka kafa wata Ƙurɗuba a Ajantina a 1573, takwarar ta Andalus.

Sunan girmamawa da sunan gado

Hanya ta uku ita ce tunawa da wani babba. Iskandar sarkin Masedoniya ya kafa birane da yawa da sunansa, wadda ta fi shahara ita ce Iskandariya ta Masar, a shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa. A zamaninmu sunan Ahmadu Bello na kan jami'ar Zariya da aka buɗe a 1962, da filin wasa na Kaduna, da manyan tituna a Kaduna da Legas da Abuja. Sunan Murtala Muhammad na kan filin jirgin saman Legas da babban asibitin Kano. Makarantu kuwa wasu sun gaji suna ɗaya ne daga hukumar da ta kafa su, kamar kwalejojin gwamnatin tarayya, waɗanda sai an haɗa da sunan gari ake gane wadda ake nufi.

Wani lokaci abu ɗaya ne ke rarraba sunansa ga maƙwabta. Kogin Neja, mai tsawon kimanin kilomita 4,180, shi ya ba Nijar da Nijeriya sunayensu, ya ba Jihar Neja a 1976. Sunan da Hausawa suka san shi da shi, wato Kwara, shi aka ba Jihar Kwara. Ke nan kogi ɗaya ya zama uban ƙasashe biyu da jihohi biyu. Kogin Kwango ma ƙasashe biyu ya bai wa sunansa, manyan biranensu, Kinshasa da Barazabil, suna kallon juna daga gaɓa zuwa gaɓa.

Sai kuma hanya ta huɗu, wato dacewa kawai. Akwai Gaya a Jihar Kano, akwai Gaya a Jihar Dosso ta Nijar, akwai kuma Gaya a Jihar Bihar ta Indiya. Sautukan da bakin ɗan'adam ke furtawa ƙididdigaggu ne, don haka gajerun sunaye kan yi karo a harsunan da ba su da dangantaka. Wannan gargaɗi ne ga mai nazarin tarihi: haɗuwar suna kaɗai ba ta isa hujjar cewa asali ɗaya ne ba. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Abin da ruɗani ke jawowa

Mai karatu zai iya ɗauka cewa abin bai wuce ɓatan wasiƙa ba, amma ya wuce nan. A cikin ƙananan hukumomi 774 na Nijeriya akwai sunaye shida da suka zo sau biyu: Nasarawa a Kano da Nasarawa, Obi a Binuwai da Nasarawa, Bassa a Kogi da Filato, Surulere a Legas da Oyo, sai Ifelodun da Irepodun a Kwara da Osun. Duk mai haɗa alƙaluman ƙidaya ko na zaɓe ko na annoba a kwamfuta, in ya dogara da suna kaɗai, zai iya zuba lissafin wuri biyu a layi ɗaya, ko ya aika magani inda ba can ake ciwon ba. A matakin ƙauye abin ya fi muni, domin gunduma ɗaya na iya ƙunsar Sabon Gari fiye da ɗaya, a yi wa ɗaya allurar rigakafi a rubuta cewa an gama.

Har tsakanin ƙasashe suna kan zama abin rikici. Da Masedoniya ta ɓalle daga Yugoslabiya a 1991, Girka ta ƙi yarda da sunan, saboda ita ma tana da lardi mai suna haka. Ta hana ta shiga ƙungiyar tsaro ta NATO a 2008. Sai da aka ƙulla yarjejeniya a 2018, ƙasar ta koma Masedoniya ta Arewa a 2019, sannan ta shiga ƙungiyar a 2020.

Maganin da kimiyya ta kawo

Maganin gargajiya shi ne a ƙara wa suna jela. Larabawa kan ce Ɗarabulus ta Yamma ga ta Libiya, Ɗarabulus ta Sham ga ta Labanan, mu ma mukan ce Birnin Kudu, Birnin Kebbi, Birnin Gwari. Wannan na amfani, amma sai ga wanda ya riga ya san ƙasar.

Masana labarin ƙasa sai suka koma ga lamba. Sun zana layuka iri biyu a kan taswirar duniya. Na farko, latitud, yana auna nisan wuri arewa ko kudu da layin ikwaita, daga digiri 0 zuwa 90. Na biyu, longitud, yana auna nisansa gabas ko yamma da layin Girinwic na Landan, daga digiri 0 zuwa 180, bisa matsayar taron da aka yi a Washinton a 1884. Inda layukan biyu suka gitta juna wuri ɗaya ne tak a bayan ƙasa. A ɗauki misalin Gaya. Ta Kano da ta Nijar duk suna dab da digiri 12 arewa da ikwaita, wato sun yi tarayya a suna, sun kusa yin tarayya a latitud. Amma ta Kano tana digiri 9 gabas, ta Nijar kuwa kusan digiri 3 da rabi. A wannan yanki digiri ɗaya na longitud kimanin kilomita 109 ne, saboda haka tazararsu ta kai wajen kilomita 600. A yau wayar hannu na karanto waɗannan lambobi daga taurarin ɗan'adam, kuma da irin wannan taswira aka yi amfani wajen bin sawun masu rigakafin shan inna a arewacin Nijeriya, kafin a tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Afirka a 2020.

Haka nan aka bai wa ƙasashe alamomin da ba sa karo: NG da 234 ga Nijeriya, NE da 227 ga Nijar. Hukumomin jarrabawa ma lamba suke bai wa kowace makaranta.

Kammalawa

Suna yana riƙe da tarihi. Shi ke gaya mana inda fatake suka kwana, da inda sarauta ta yi hijira, da wanda al'umma ta girmama. Sai dai bai isa ya nuna muhalli shi kaɗai ba. Shawara ga ɗalibai da ma'aikatan lafiya da duk mai tattara bayanai a karkara ita ce, in an rubuta sunan gari a bi shi da gunduma da ƙaramar hukuma da jiha, in da hali kuma a ƙara da latitud da longitud ɗinsa.