Tsinke, fartanya da muciya: Yinin wata mai saƙa a Jos

Da asubahin watan Disamba a Jos, ruwan da ya kwana a randa ba ya taɓuwa sai an ɗora shi a wuta. Garin yana bisa tsauni ne, kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma a tsakiyar hunturu akan samu daren da ma'aunin zafi ke sauka ƙasa da digiri 10. Baƙon da ya taso daga Legas ko Lakwaja da riga ɗaya, kafin ya nemi masauki rigar sanyi yake fara nema.

A wata unguwa da ke kan hanyar Bukuru akwai wata tsohuwar malamar firamare da ta ajiye aiki, wadda har yanzu manya da yaran layin ba su daina kiranta Malama ba. Gidan ba wani babba ba ne. Bayan ɗakin girki akwai fili da bai wuce faɗin ɗaki biyu ba, ta yi masa kunyoyi, ta kewaye shi da tsohuwar waya saboda kaji da awakin maƙwabta. A can take fara yini, da bokiti da gwangwanin da aka huhhuda gindinsa, tana bin kabeji da latas da karas da ruwa tun rana ba ta ɗaga ba. Sai hantsi ya dubi ludayi take shimfiɗa tabarma inda rana ke bugun bango, ta jawo kwandon zarenta.

Ba ta fara saƙa nan take. Takan wanke hannu, ta murza man kaɗanya, ta jira ya shiga fata. Fartanya da ruwan sanyi da iskar hunturu sukan bar kaushi a yatsu, zare kuwa ba ya jituwa da kaushi: yana maƙalewa, ya tsattsage, saƙar ta fito da gashi-gashi. Hannun da ya yi kaftu da safe shi ne zai riƙe tsinke da hantsi, shi ne kuma zai kama muciya da yamma, kowane aiki yana barin tabonsa ga na bayansa. Ko warin albasa sai ta tabbatar ya bar yatsunta kafin ta taɓa hular jariri.

Zaren da ba na tunkiya ba

Saƙa daɗaɗɗiyar sana'a ce a ƙasar Hausa, amma wadda aka gada daga kakanni ta masaƙa ce: mata su gurje auduga, su kaɗa ta da mazari, a miƙa zaren a saƙa fari ko saƙi ko gwado. Saƙar tsinke biyu da ta kwarashi daga baya suka zo, ta hannun Turawa da makarantun mishan da darussan kula da gida da aka riƙa koya wa 'yan mata. A Jos, inda haƙar kuza ta tara Turawa tun farkon ƙarni na 20, ga kuma sanyin da ke sa a nemi abin da aka saƙa, sai abin ya samu gindin zama fiye da wurare da yawa. A makaranta Malama ta koya, tana 'yar shekara goma sha, kuma abin da ta fara gamawa safa ce ƙafa ɗaya, domin kafin ta kai ga ta biyun zaren ya ƙare.

Asalin aikin ba shi da yawa. Ƙulli iri biyu ne kacal, na gaba da na baya, duk wani ado da ake gani a jikin suwaita, ko mai kama da kitso ko mai kama da igiya, daga sassaɓa waɗannan biyun yake fitowa. Wahalar tana wajen ƙirga. Ƙulli ɗaya ya kuɓuce daga tsinke ba a lura ba, sai ya yi ta zamewa ƙasa layi bayan layi har ya bar tsani a tsakiyar riga. Shi ya sa idan aka yi mata sallama tana tsakiyar layi, takan amsa da ka, sai ta kai ƙarshe sannan a gaisa. Maƙwabta sun saba, ba mai ɗaukar abin da zafi.

Zaren da ake sayarwa a kasuwa kowa ulu yake ce masa, amma mafi yawansa bai taɓa jikin tunkiya ba. Tumakin ƙasar nan, 'Yankasa da Uda da Balami, gashi ne da su irin na akuya, ba su da ulun da ake sausayewa a kaɗa. Abin da ke cikin leda a shago zaren roba ne da ake sarrafawa daga sinadaran man fetur. Yana da sauƙin wanki, ba ya saurin koɗewa, asu ba ya cin sa. Sai dai farashinsa yana bin dala. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, aka kuma saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin shekarar, curin zare ya shiga jerin abubuwan da mai kuɗin fansho ke juyawa a hannu sau biyu kafin ta biya.

Mafitar da ta samu tana kasuwar Katako, wajen 'yan gwanjo. Idan an fasa sabuwar dila, sauran mata suna duba rigar da za ta yi wa 'ya'yansu daidai, ita kuwa cikin rigar take juyawa ta duba ɗinkin gefe. Wadda aka saƙa kowane ɓangare daban aka haɗa, ita ke warwaruwa ta ba da zare mai tsawo. Wadda aka yanka daga babban ƙyalle aka bi bakin da keke, ko kyauta ce ba ta so, don guntaye kawai za ta bayar. Suwaitar ƙaton namiji mai huji a gwiwar hannu, wadda mai kaya ke neman kai da ita, ita ce abin nemanta.

A gida takan tsinke ɗinkin, ta warware rigar tana naɗe zaren a bayan kujera. Zaren da ya daɗe a saƙe yana fitowa a nannaɗe kamar gashin da aka tsefe daga kitso, sai an jiƙa shi, a rataye a inuwa ya sake jiki. Sannan ta yanki ɗan guntu ta kai bakin ashana. Idan ya yi ƙaurin gashi, ya ƙi kamawa sosai, ya bar toka mai murmushewa, ulun gaske ne. Idan ya narke ya dunƙule ya zama baƙin ƙwallo mai tauri, roba ce. Gwajin ba na son sani ba ne kawai. A gidajen da ake kwana da kaskon gawayi saboda sanyi, rigar da ke narkewa ta manne a fata ba abin da za a sa wa yaro mai rarrafe ba ne ba tare da an sa masa ido ba.

Lambun bayan ɗaki

Wanda bai sani ba zai ɗauka da hunturu ake saƙar hunturu. Da damina ake yin ta. Ruwan Jos yana farawa wajen Afrilu, ya kai Oktoba, kuma a Yuli da Agusta akan yini ana yayyafi ba a ga rana ba. A lokacin sama ce ke ban ruwa, aikin lambu ya koma cire ciyawa da gyaran kunya, mutum yana zaune a ɗaki ko ya so ko bai so ba. Yawancin hulunan da yaran layin ke sawa a Disamba a watan Agusta aka gama su. Idan rani ya shigo kuwa, rijiya ta fara ja da baya, jan guga kaɗai yakan cinye mata rabin safiya, saƙar ta koma ta sa'a ɗaya ko biyu.

Filato ƙasar kayan lambu ce. Dankalin Turawa na Bokkos da Mangu ya san kasuwannin ƙasar nan kaf, manoman rani suna jan ruwa daga kududdufan da haƙar kuza ta bari, kuma duk safiya motoci na lodin kabeji da karas da koren wake a Farin Gada. Mai neman araha zai iya cewa noman bayan ɗaki a irin wannan gari wahalar banza ce, kuma a watannin da kaya suka yi yawa yana da gaskiya. Amma akwai watannin da ba haka ba. A 2016, da tsutsar da manoma ke kira sharon ta afka wa gonakin tumatir a Arewa, gidaje da yawa sun koma miyar da ba ja a cikinta. Gindin tumatir shida da attarugu huɗu ba za su ciyar da gida shekara ba, amma sukan tsallakar da tukunya makon da kwandon tumatir ya fi ƙarfin aljihu.

Takinta kashin kaji ne da ta bari ya huce, da tokar murhu, da ɓawon dankali. Har zaren da ya yi saura yana da aiki a nan: guntayen da ba su isa ko safa ba, da su take ɗaure tumatir a jikin sanda, domin suna da laushi, ba sa yanka kara. Shi ya sa lambun nata ke da ɗigon ja da shuɗi da ruwan ɗorawa a wuraren da ba fure.

Da la'asar take shiga girki, kuma sau da yawa lambun ne ke yanke abin da za a ci. Idan yakuwa da alayyafo sun yi yawa, gwate ne. Ta tafasa ƙashi da daddawa da albasa da gauta, ta zuba tsakin masara ko acca tana juyawa kada ya yi gudaji, ganyen kuma sai a ƙarshe don kada ya mutu. Acca tana da saurin dahuwa, amma kafin ta kai tukunya sai an rege ta a ƙwarya sau da yawa, domin ƙwayarta da yashi kusan girmansu ɗaya. Wadda ta iya zaman ƙirga ƙulli ba ta jin nauyin wannan.

Me ya hana ta sayarwa?

Wannan tambayar ta fi kowace yawan zuwa mata, daga 'ya'yanta har abokan aikinta na da. A zamanin da kowace mace ke tallan wani abu a WhatsApp, ganin mai irin wannan hannu tana rabar da kayanta kyauta yana yi wa mutane kama da asara. Babbar 'yarta ta taɓa ɗaukar hotunan wasu riguna ta sa a waya, aka kuwa yi ta tambayar farashi.

Lissafin ne bai fita ba. Hular jariri tana cin ƙulli sama da dubu biyu, aikin yamma ɗaya ko biyu. Suwaitar babba kuwa dubbai ne masu yawa. A ce ta ci sa'a 40. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 Naira 70,000 ne a wata, wato kusan Naira 400 a sa'a ga mai aikin sa'a takwas a yini. Ladan hannu kaɗai ya kai Naira 16,000 ke nan, ba a sa kuɗin zare ba, alhali ga ta gwanjo can a rataye da ba ta kai haka ba. Masu cin abinci da saƙa a garin galibi inji suke amfani da shi, suna fitar da rigunan sanyi na 'yan makaranta da yawa a lokaci guda. Wannan sana'a ce mai zaman kanta, da jarinta da kwastomominta.

Ta gwada karɓar aiki sau biyu ko uku. Wata ta kawo launin da ba ya shiga ido ta ce shi take so, wata ta sa ranar suna ta riƙa aiko yaro kullum yana tambaya ko an gama. Malama ta kwana biyu tana saƙa da fitilar caji, wuya ya ƙage, lambu ya yi yaushi, abincin dare ya koma shayi da burodi. Da ta miƙa kayan aka fara neman ragi. Tun daga nan ta koma yadda take: ta saƙa abin da ta ga dama, ta ba wanda ta ga ya dace.

Mafi yawan abin da ke fita daga kwandon nan na jarirai ne, kuma nan ne abin ya wuce sha'awa. Jariri sabon haihuwa yana saurin rasa ɗumin jikinsa, musamman ta ka, wanda yake da girma idan aka kwatanta da sauran jikin. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar zafin jikin da ya sauka ƙasa da digiri 36.5 a matsayin sanyi ya kama jariri, tana kuma ba da shawarar a sa masa hula, a jinkirta wankan farko zuwa sa'a 24, a kwantar da shi a ƙirjin uwa fata da fata. Ga bakwaini haɗarin ya fi yawa, kuma hular kanti takan yi masa yawa, ta zame ta rufe fuska. Malama tana ajiye 'yan ƙanana guda uku ko huɗu a cikin gwangwanin biskit, masu faɗin da bai wuce lemun zaƙi babba ba, da zare mai laushi, ba ƙulli ko maɓalli a ciki. Idan aka ce wata a layin ta haihu kafin lokaci, ba ta jiran ranar suna.

Abin da ke damunta yanzu ido ne. Baƙin zare da shuɗi mai duhu sun daina ganuwa da yamma, ta bar su sai da rana tsaka. A cikin 'ya'yanta mata uku ba wadda ta riƙe tsinke. Sai wata jikarta 'yar aji biyar da ke zuwa hutu, wadda ta fara koyon kwarashi daga bidiyon YouTube, tana riƙe zaren ta wata hanya da kakar ba ta taɓa gani ba. Sun yi musu a kan haka yini guda, kowa ta tsaya a kan nata.

Zuwa ƙarshen Fabrairu sanyi zai janye, a ninke barguna. A cikin kwandon akwai suwaita ruwan toka da ta rage hannu ɗaya, daga zaren wata rigar gwanjo da ba a tabbatar zai kai ba. Malama ta tura ta ƙasan gado, ta fito da ledar irin tumatir da ta shanya bara.